Lens ɗin Aro da Hoton Alaramma

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai lens ɗin aro Kaikai, kuma ko na so in manta, mutanen Kusada ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma har gobe in na ratsa kasuwarsu sai na sami wanda zai kama kunnensa da hannu ɗaya, ya ɗaga mini ɗayan. Ni ma sai in ɗaga masa. To me zan yi?

Sana'ata ɗaukar hoto. Ina da ɗan shago a Kankiya, rabin aikina fasfo ne na 'yan makaranta da masu neman aiki, sauran rabin kuma biki da suna da walima. Kyamarata tsohuwa ce, 'yar gwanjo, lens ɗinta (wato gilashin nan da ake ɗaurawa a bakin kyamara, shi ne idonta) bai fi gwangwanin madara girma ba. Da ita na yi aure, da ita na yi rufin kwano, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ni ne dai nake jin kunyarta. Tun da waya ta cika gari kowa ya zama mai hoto, sai ka je biki ka ga ƙanwar amarya ta dubi kyamararka, ta dubi wayarta, ta sake dubanka, kamar tana son ta ji me aka kira ka ka zo yi. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ana nan sai ga Lawal, ɗan ƙanwar babana. Shi aikinsa yana can fadamun gabas tare da masu binciken tsuntsaye, ya kwanta cikin ciyawa tun safe yana jiran tsuntsu ya sauka ya ɗauke shi hoto. (Eh, ana biyan mutum albashi a kan haka. Ni ma sai da na tambaya sau biyu.) Da kaka ya zo gida zai wuce Tafashiya ya duba mahaifiyarsa, ya biyo ta shagona da wani dogon akwati baƙi, ya ce gidansu mutane sun yi yawa, in ajiye masa kwana huɗu.

Na ce sai na ga abin da zan kwana ina gadi. Ya buɗe.

Lens ne, amma irin wanda ban taɓa gani ba sai a talabijin, bayan raga, in ana ƙwallo. Tsawonsa ya kai hannuna tun daga kafaɗa, bakinsa kuwa faɗin murfin tukunya. An naɗe shi da wani ƙyalle mai launin ganye, irin kakin soja, wai don kada tsuntsaye su gane shi. Da na ɗaga shi sai da na gyara tsayuwa.

Na ce, "Nawa?"

Ya ce, "Ba ka son ji."

"Faɗa mani dai."

"Sabon shi, in ka juya kuɗin zuwa namu, miliyan sha takwas. Kuma ba nawa ba ne, na wurin aiki ne. Ni kaina sai na sa hannu kafin a ba ni shi."

Na mayar da shi cikin akwatin a hankali, na goge hannuna a riga. Lawal ya ɗan yi mini bayani. Ya ce gilasai ne jere a ciki, sun fi goma, kowanne sai an ɗauki lokaci ana goge shi har ya zama babu tabo ko na ƙwayar gero, kuma ba a yin su da yawa don masu saye ba su da yawa: masu hoton ƙwallo, da masu bin zaki a daji, sai irinsu masu jiran tsuntsu. Duk mutanen da abin da suke so su ɗauka ba ya yarda a matso kusa da shi. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ya kamata in riƙe, amma ni tun daga “miliyan sha takwas” ban ƙara jin komai ba.

Da zai hau mashin ya juyo ya ce, "Ajiya na kawo maka fa, ba aro ba." Na ce haba Lawal, kamar ba ka san ni ba. Ashe ya san ni. (Har yanzu ni aro nake kiran abin. Shi yana da wani sunan da yake kiransa.)

Ƙurar mashin ɗinsa ba ta kwanta ba na buɗe akwatin. Kamfanin da ya yi lens ɗin shi ya yi kyamarata, bakin ya shiga daidai, har da 'yar ƙara. Na ɗauki wannan a matsayin ishara. Na tsaya ƙofar shago na saita shi kan ƙarfen sabis da ke can ƙarshen gari, sai ga kurciya a gabana, ina ganin jan idonta. Na juya kan titi na karanta lambar wata mota da ido ma bai tabbatar mota ba ce. Na yini ina wannan, maƙwabtana masu shaguna suna layi suna leƙawa. Abu ɗaya ne ban gwada ba, ban saita shi kan mutumin da ke zaune a gabana ba.

Washegari Sanusi ya kira ni. Abokina ne tun firamare, yana aiki a Fatakwal, can ya yi aure, can aka haifi 'ya'yansa. Mahaifinsa shi ne Alaramma Malam Isiyaku na Kaikai, dattijo da ya haura tamanin, wanda a duk yankin an san shi da abu biyu. Na farko kunne. Zai kishingiɗa bisa buzu ido rufe, mutum ashirin na karatu lokaci guda kowa da inda yake, sai ka ji ya ce, "Kai Habu, koma baya, ka haɗiye madda." Sanusi ya ce suna yara ko murfin langa ba su iya ɗagawa a ɓoye. Na biyu, ba a ɗaukarsa hoto. Bai taɓa cewa haramun ne ba, cewa kawai yake, "Mi za a yi da hoton tsoho?" Da ya ga an ɗaga waya sai ya ja rawani ya rufe fuska, mai wayar ya ji kunya ya sauke. Wanda ke jikin katin zaɓensa ma inuwa ce kawai da rawani.

To, Alaramma ya kammala rubuta Alƙur'ani da ka, na biyar a rayuwarsa, ya kuma ce shi ne na ƙarshe don ido ya fara gajiya. Za a yi walima ranar Asabar. Sanusi ya shekara uku yana roƙon a bar shi ya ajiye hoton mahaifinsa ko ɗaya, saboda 'ya'yansa da ba su cika zuwa gida ba, kuma sai a wannan karon tsohon ya sassauta. Amma da sharaɗi. Cewa ya yi, "Sau guda. Ya latsa sau guda, in tashi." Duk wanda ya san Alaramma ya san ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta.

Sanusi ya ce mini a waya, "Kai na yarda da kai, shi ya sa ban ce zan ɗauka da kaina ba. Don Allah ka natsu. Guda ɗaya ce tal, in ta wuce ta wuce."

Ina jin maganarsa, idona na kan baƙin akwati. Na ce, "Sanusi, kwantar da hankalinka. Abin da zan zo da shi, ko a Katsina ba a taɓa ganin irin shi ba."

Ranar Asabar na saka farar shaddata ta Sallah. Tsohon lens ɗina, wanda ya ɗauki amare sun fi a ƙirga, na cire shi na jefa a durowa. Ba mantuwa ba ce, ina so a rubuta wannan. Da gangan na bar shi, don kada a gan shi kusa da babban ya zubar mini da mutunci. Ƙafafun ƙarfen da Lawal ya haɗo da akwatin, waɗanda ake ɗora lens ɗin a kai, su kuma suka ƙi zama bisa mashin, na ce ai ina da hannu. Na ɗaure akwatin da roba huɗu, na kama hanya.

Kafin Kusada 'yan sa-kai suka tsayar da ni a shinge, suka ce in buɗe. Ina buɗewa suka ja da baya. Abu dogo, sanye da kakin soja, a wannan zamani, ban ga laifinsu ba. Babbansu ya ce, "Wannan wace irin bindiga ce?" Na ɗaura shi na ba shi ya leƙa. Ya saita can wata gona mai nisa, sannan ya ce, "Kai! Ga Sale can kwance ƙarƙashin kanya, ya ce mani yana yankan dawa!" Suka tambayi kuɗinsa, na ce miliyan ashirin. A Kusada na tsaya shan mai, mai man ya tambaya, na ji bakina ya ce ashirin da biyu. Ban san yadda aka yi ba, amma da na isa Kaikai ya kai ashirin da biyar.

Bari in kwatanta muku wurin, don a nan abin yake. Gidan Alaramma yana da zaure, an yi rumfa a gabansa an shimfiɗa tabarmi, malamai da dattawa da tsofaffin ɗalibansa sun cika ta. Daga bakin rumfar sai 'yar hanya, faɗinta bai wuce taku shida ba. Tsallaken hanyar gidan ƙanwarsa ne, Goggo Hurera, inda mata suka taru suna girkin walima. Dangar gidan ta zana ce, kuma ranar an ɗage zana ɗaya, daidai saitin rumfar, don a riƙa miƙo abinci ba sai an zagaya ta ƙofa ba. Ba wanda ya ce kada namiji ya bi ta nan, don ba wanda ya taɓa zaton sai an faɗa.

Na buɗe akwati a tsakiyar jama'a, a hankali, yadda kowa zai gani. Aka yi salati. Da na faɗi kuɗin, nan take aka shiga juya shi zuwa abin da aka sani.

"Shanun huɗa nawa ke nan?"

"Duk na unguwar ga, ka haɗa da amalankensu."

Wani tsoho ya miƙo hannu zai shafa, na janye. Ya ce, "To shi, ban da hoto, mi yake yi? Yana nuna inda ruwa yake a ƙasa?" Na ce a'a. Ya ce, "Yana nuna ɓarawo?" Na ce in yana nesa. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gamsu ba.

Alaramma na zaune bisa buzunsa a bakin zaure, inda haske ke sauka sosai, ɗan siriri, fari fat da gemu. Ya dubi abin da ke hannuna sau ɗaya ya ce, "Wanga abu duka don ni?" Na russuna na ce, "Allah gafarta Malam, ai ka fi haka."

Yanzu ga babban laifina, wanda ya fi ɗaukar kayan Lawal, ya fi ƙarin miliyan bakwai. Na lura matasa sun fara zaro wayoyi, suna ganin tunda an buɗe ƙofa kowa zai samu. Na ga in aka bari, gobe hotuna talatin za su bazu, ba wanda zai san wanne ne na miliyan ashirin da biyar. Sai na ɗaga murya na ce, don Allah kowa ya mayar da wayarsa aljihu, hasken waya yana rikita wannan na'ura. (Ƙarya ce. Ko fitilar mota ba ta rikita shi.) Dattawa suka tsawatar, wayoyi suka koma. Ina kallo Sanusi ma ya kashe tasa, babba sabuwa, ya zura a aljihun gaba.

Aka yi karatu, aka yi addu'a, aka shafa. Aka kawo gafaka, jakar fatar nan da ake adana rubutaccen Alƙur'ani, Alaramma ya ɗora ta bisa cinya ya buɗe, takardun suka bayyana da baƙin tawada da jan wasali. Alƙalaminsa na kara yana maƙale a bayan kunne inda ya saba barinsa. Ya gyara zama, ya sauke rawani daga haɓa, karo na farko da wasu a wurin suka ga ya yi haka a gaban kyamara. Sanusi ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido.

Alaramma ya ce, "Bismilla, mai hoto."

Na durƙusa taku huɗu daga gabansa, inda na saba durƙusawa shekara da shekaru. Na ɗaga, na sa ido.

Ban ga komai ba. Fari kawai, kamar an shafa wa gilashin koko. Lens ɗin ya yi 'yar ƙara, ya yi gaba, ya yi baya, ya tsaya. (Daga baya Lawal ya gaya mini cewa abin ba ya ganin duk abin da bai kai taku shida ba, kuma ya bar wani ƙaramin gilashi a gindinsa da ke ninka jawowar sau biyu, don ƙananan tsuntsaye. Na ce me ya sa bai faɗa mini ba. Ya ce don ajiya ya kawo.)

Na miƙe na ja baya taku uku, kamar dama haka tsarin yake. Farin ya washe, sai ga wasu layuka a jere. Sai da na ɗan jima na gane zaren rigar Alaramma ne, ina iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara ja. Na ga wani abu mai gashi, ban tabbatar ba gemu ne ko buzu. Na ƙara ja. Mutane suka fara janye ƙafafu suna buɗa mini hanya, na taka takalman wani, na ji an ce, "A hankali, mai hoto." Na ɗaga hannu ɗaya alamar a yi shiru, gwani na aiki, nan take lens ɗin ya rinjaye ni sai da na yi sauri na tallafe shi.

A nan ne ya kamata in sauke abin in ce, jama'a, ku yi haƙuri, na kawo abin da ban iya ba, Sanusi ba ni wayarka. Tunanin ya zo mini, ba zan ce bai zo ba. Minti ɗaya da an gama, da yau hoton Alaramma na rataye a Fatakwal. Amma mutumin da ya ce miliyan ashirin da biyar a gaban dattawan gari, da wane baki zai ce a ara masa waya? Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Na ci gaba da ja da baya.

Na fita daga inuwar rumfa, rana ta doke ni. Nauyin abin ya sa hannuwana sun fara rawa, duk rawar da suka yi kuwa sai Alaramma ya ɓace, in shiga laluben sa: bango, hular wani, bango, gefen gafaka. Na tsallake hanya da baya. Can sai ga ido ɗaya da rabin hanci. Na ce a raina, alhamdulillahi, saura kaɗan, taku biyar ko shida fuska za ta cika. Na ji wasu na cewa, "Kai! Kai! Mai hoto!" Na ɗauka yabo ne.

Abin da na fara lura da shi shi ne ƙamshi. Hayaƙin itace, da man gyaɗa, da daddawa. Sannan na lura surutun maza ya ɗauke gaba ɗaya. Sannan wata murya a bayana, kusa ƙwarai, ta ƙwala ihu.

"Ƙato! Ƙato ya shigo da baya!"

Matan nan tun asuba suke gaban wuta, an ajiye mayafai da hijabai bisa igiya saboda zafi, kowa da ɗaurin ƙirji. Matan malamai, da surukai, da waɗanda ko ƙannen mazansu ba su taɓa ganin gashin kansu ba. Sai ga namiji baligi, da farar shadda, ya shigo tsakiyarsu ba sallama, ba ko gyaran murya, kuma da baya, yana rungume da wani abu mai kakin soja. Aka watse. Na ji ƙarar kwanoni, na ji ana salati, na ji ana kiran sunayen yara.

Goggo Hurera ba ta gudu ba. Ta haura saba'in, ta wuce gudu, kuma muciya na hannunta. Ta sauke mini ita a tsakiyar baya.

Yatsana na kan maɓalli. Ƙaras!

Na yi taga-taga, dugadugina ya bugi wani abu, na zauna. Daro ne babba, cike da ƙullun waina da aka kwana ana jira ya tashi. Na nutse a ciki har ƙugu. Amma ku shaida, lens ɗin bai taɓa ƙasa ba. Na ɗaga shi sama da hannu biyu, na ga muciya ta sake tashi, na ji kaina ina ihu, "Goggo, kar ki taɓa shi! Miliyan ashirin da biyar ne!"

Ta tsaya da muciya a sama. Ta dube ni, ta dubi abin, ta dubi ƙullunta da ke malala ƙasa.

Ta ce, "Miliyan ashirin da biyar. To ita sallama nawa take, da ka kasa saye?"

Ina nan zaune cikin daro sai muryar Alaramma ta tsallako hanya, a natse, kamar yana gyara wa ɗalibi karatu. Cikin duk wannan ihu da ƙarar kwanoni, daga nisan da ya fi taku goma sha biyar, ya ji.

"Na ji ta yi ƙara. An ɗauka ke nan. Alhamdulillahi."

Ya rufe gafaka, ya mayar da rawani bisa haɓa.

Sanusi ne ya zo bakin danga, bai shigo ba, ya yi sallama sau biyu yadda mutane ke yi, ya miƙo hannu ya ciro ni. Na tsallaka hanya ƙullu na zuba daga bayana. Ba wanda ya yi dariya, don Alaramma na zaune. Aka dai kewaye ni, kowa na son ya ga abin da shanun unguwa guda suka haifar. Na ce ai sai an je an wanke. Wani matashi ya ce, "A'a, akwai allo a bayanta, nan ake gani." Zamani ya lalace, kowa ya san komai.

Sanusi ya karɓi kyamarar ya danna da kansa.

Kunne ne. Ihun matan ya sa Alaramma ya juya kai daidai lokacin da muciya ta sauka, sai lens ɗin ya kama kunnensa na dama, shi kaɗai, ya cika allon. Kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Kowane silin gashi ya fito, da lanƙwasar fatar, da alƙalamin kara a maƙale da busasshiyar tawada a bakinsa, da ɗan gefen rawani. Ba ido, ba hanci, ba gemu, ba gafaka.

Sanusi ya daɗe yana kallo. Bai dube ni ba. Ya je ya durƙusa ya miƙa wa mahaifinsa. Tsohon ya kawo allon dab da idonsa.

"Wannan mi ne ne?"

"Kunnenka ne, Baba."

"Nawa?" Ya ƙara matso da shi. Ya kai hannu ya shafa na jikinsa, ya ci karo da alƙalamin, ya ciro shi ya duba. "Ikon Allah. Shekara tamanin da wani abu muna tare, ban taɓa ganin shi ba sai yau. Allah shi yi maka albarka, yaro."

Sanusi ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ko za a ƙara guda? Ga wayata nan."

"Na ce sau guda, ya kuwa latsa sau guda. Yaro ya cika alkawali, ni in saɓa?"

Ya miƙa hannu aka ba shi sanda, ya shiga ciki yin alwalar Azahar. Sai da labulen zaure ya faɗi a bayansa sannan jama'a suka saki abin da suke riƙewa. Akwai wani liman da ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Tsohon nan mai tambayar ruwan ƙasa ya matso ya ce mani, "Yaro, in kunne guda miliyan ashirin da biyar ne, mutum sukutum nawa zai kama?"

An yi walimar ba waina. Goggo Hurera ta aiko mini da tuwo a kwano, da saƙon cewa in ci a waje. Na hau mashin na koma Kankiya, ƙullu na bushewa a jikina yana tsami, ƙudaje na rakiya. A shinge 'yan sa-kai suka dube ni, ba su ce in buɗe komai ba. Matata ta karɓi shaddar da yatsa biyu, ta ce ita dai a iya saninta hoto na tafi ɗauka.

Lawal ya dawo ranar Litinin. Labarin ya riga ni isa Tafashiya. Ya duba lens ɗinsa ciki da waje kusan rabin awa, bai sami ko ƙwarzane ba, ya rufe akwatin. Ya nemi ganin hoton, ya ce a sana'ance ba shi da aibu, da tsuntsu ne da an ba ni kyauta. Tun daga nan ko caja bai ƙara bari a shagona ba.

Sanusi bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ba komai, haka Allah ya so, in ya zo da Sallah zai sake lallaɓar tsohon. Alaramma bai kai Sallar ba. Ya rasu da bazara, bayan 'yar gajeruwar jinya, aka yi jana'izar da Kaikai ba ta ɗauke ta ba. Na je, na tsaya can baya.

Bayan sadakar bakwai sai ga Sanusi a shagona. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri da na yi wata biyar ina shiryawa, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Wanke mani guda biyu, manya." Ɗaya ya tafi da shi Fatakwal, ɗaya aka rataye a zauren Kaikai, sama da inda buzun yake. An ce tsofaffin ɗalibansa in sun zo ziyara sukan tsaya gabansa su yi shiru, wasu su yi murmushi, wasu su fita da sauri. Habu, wanda ya gaji makarantar, ya ce mini shi ba ya iya karatu a zauren nan da gaggawa, sai ya ja kowace madda ta cika.

Na so in ɗauki wannan a matsayin wanke laifi. Har na fara ba da labarin da wani salo, wai ai ni na san abin da na ɗauka. Sai bara Sanusi ya zo da iyalinsa, suka biyo ta shago. 'Yarsa ta fari, wadda ta fara wayo, ta ce kullum tana ganin hoton a falonsu an ce Kakanta ne, to ina sauransa? Sanusi ya nuna ni da baki ya ce, "Tambayi wannan. Shi ya baro shi cikin miliyan ashirin da biyar." Ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta yi ba, tana tsaye tana jiran amsa.

Tsohon lens ɗina na nan bakin kyamara, ban ƙara jin kunyarsa ba. In na je aiki yanzu, ni da kaina nake cewa jama'a kowa ya fito da wayarsa, a ɗauka da yawa. Kuma ko kantin sayar da kati zan shiga, ta gaba nake shiga, da sallama.